Birki sai an taka sau biyu: kafin ka sayi masta ta uku

Tambayar daga wani mai akori-kura ce a Rigasa. Motarsa tsohuwar Hilux ce mai injin dizal 3L, yana jigilar masara daga Saminaka zuwa Kaduna. Ya ce idan ya taka birki karon farko feda sai ta kusa taɓa ƙasa, sai ya ɗaga ƙafa ya sake takawa sannan ta kama. An canza masa masta (famfon da feda ke dannawa ya tura man birki zuwa ƙafafu) sau biyu, an sa sabon fad (abin da ke matse faifan birkin gaba), an fitar da iska har ya gaji da sayen man birki, abin yana nan. Kuma idan ya yi lodi ya jima yana gangara, birkin yakan yi kamar babu shi. Yana tambaya ko ya daure ya sayi masta ta uku, sabuwa fil a kwali.

Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Daga yadda ka kwatanta, ina kyautata zaton an bar jaki ne ana dukan taiki. Masta tana lalacewa, ba na musu, amma idan ta lalace ba haka take nuna kanta ba. Kuma ba ka buƙatar wata na'ura kafin ka gane wannan, ƙafarka ta dama ta isa.

Ka ajiye motar a wuri mai daidai, ka kashe injin, ka sa dutse a taya. Taka feda sau biyar ko shida har ta yi tauri, sannan ka danne ta da matsakaicin ƙarfi ka riƙe kamar minti ɗaya. Idan ka ji tana sulalewa ƙasa a hankali alhali ba ka ƙara ƙarfi ba, kuma ka leƙa ko'ina ba ka ga ɗigon mai ba, to wannan ita ce masta: robar cikinta ta daina riƙewa, mai yana zagaye ta yana komawa baya. Idan kuwa ta tsaya cak amma kana jin taushi kamar ka taka katifa, akwai iska a layi, ko wani tiyo ya gaji yana kumbura. Naka daban ne da duka biyun. A takun farko feda ta tafi nesa, a na biyu ta tsaya sama kuma da tauri. Wannan alamar tazara ce. Akwai wani abu a ƙafafun motar da yake tafiya mai tsawo kafin ya taɓa abin da zai kama.

Ga gwajin da zan so ka yi yau ɗin nan, kafin ka je wajen kowa. Ja birkin hannu har ka ji ya fara kamawa, ka bar shi a haka, ka jira 'yan daƙiƙoƙi, sannan ka taka feda sau ɗaya. Idan ta tsaya sama tun a takun farko, magana ta ƙare, matsalar tana cikin kwanon baya, wato ƙarfen birkin da ke juyawa tare da tayar baya. Birkin hannu ya riga ya tura shu, abin da ke matse kwano daga ciki, kusa da kwano, shi ya sa feda ba ta da sauran tazarar da za ta cike.

Dalilin ba shi da wuyar fahimta. Man da masta ke turawa a taku ɗaya kaɗan ne ƙwarai. Idan shu ya cinye, ko ajasta ta daina matso da shi, wannan ɗan man duk zai ƙare ne wajen kai shu bakin kwano, babu abin da ya rage na matsewa. Kafin sifirin ya gama janyo shu baya kai kuma ka sake takawa, shi ne kake jin ta kama. Ko mastar kamfani ka ɗaura a kan wannan, haka za ta yi.

A waɗannan motoci ajasta ta baya tana gyara kanta ne duk lokacin da aka ja birkin hannu. Mu kuwa a nan, da yawa daga cikin direbobinmu sun manta da shi: a sa a giya, yaron mota ya cusa dutse, shi ke nan. Wata shida, shekara, ga laka ta damina ga ƙurar hunturu, sai waya ta cije a cikin rigarta, ƙarfen da take ja a bayan farantin ƙafa ya yi tsatsa ya tsaya, ajasta ta daskare. Ban san halin birkin hannunka ba, amma da wuya ka ce mini yana aiki sumul.

To a buɗe kwanon, kuma a buɗe duka biyun. Kada a yarda wani ya hau shi da guduma. Akwai ramuka biyu masu zare a fuskar kwanon, ana ɗaura kusoshi masu kaurin milimita 8 a ciki a riƙa juya su bi da bi, kwanon zai fito da kansa. Idan ya ƙi, gefensa ya yi baki ne shu ya maƙale a ciki, sai a sassauta ajasta ta ramin da ke bayan farantin. Da an buɗe, kada yaro ya sa baki ko iskar kwamfuresa ya hure ƙurar. Tsofaffin layinin (fuskar shu da ke gogar kwano) da wasu masu araha suna ɗauke da asbesto, kuma abin da yake yi wa huhu ba ya bayyana sai bayan shekaru. A jiƙa tsumma a goge.

Abin da za ka fara dubawa jiƙa ce. Ɗaga robar da ke rufe bakin silindar ƙafa, wadda ke tura shu idan mai ya shige ta, da ɗan sukudireba. Ya kamata ka tarar da ita a bushe. Idan mai ya tsiyayo, silindar ta tafi. Idan kuma ka ga baƙin maiƙo mai kauri da wari mai hawa kai ya shafe ko'ina, wannan ba man birki ba ne, man aksul ne ya ɓalle ta sil, robar da ke tare shi. A nan akwai wani ɗan abu da ake yawan mantawa: a saman aksul akwai ƙaramin mashaƙin iska, idan laka ta toshe shi, aksul ya yi zafi, iskar ciki ba ta da mafita sai ta tura mai ta sil. Ka canza sil sau uku, zai ci gaba da yoyo muddin ba a buɗe wannan ba. Shu ɗin da ya sha mai kuwa ya mutu. Na san ana wanke shi da fetur a cinna masa wuta a ce ya dawo. Bai dawo ba. Man yana can cikin layinin, da ya ji zafi zai sake fitowa. A canza, kuma hagu da dama tare.

Sai shi kansa kwanon. A jikinsa an rubuta iyakar faɗin da aka yarda ya kai. A tsofaffin Hilux masu jan ƙafa huɗu sabon kwano milimita 295 ne, iyakarsa 297. Masu jan ƙafa biyu 254 ne, iyaka 256. Ka ga milimita biyu kacal aka ba ka. Kwanon da ya yi shekara ashirin da wani abu, an kai shi an kankare sau biyu, ya riga ya wuce nan. Sabon shu ba zai kwanta a cikinsa da dukan fuskarsa ba, tsakiyarsa kawai zai riƙa taɓawa, kuma kwanon da ya yi siriri yana buɗewa idan ya ɗau zafi, feda ta ƙara nisa. A auna shi da ma'auni, ba da ido ba.

Wajen mayarwa a lura da ajasta. Ta hagu da ta dama ba ɗaya ba ne, zarensu ya saɓa. Idan aka musanya su, duk jan birkin hannu sassauta shu zai riƙa yi maimakon matso da shi. Shi ya sa nake hana yarana warware ɓangare biyu lokaci guda. A gama ɗaya ana kallon ɗayan. A matso da shu har ya fara gogar kwano, a ɗan sassauta yadda taya za ta juya da hannu, a taka feda sau biyu don shu ya zauna, a sake gwadawa. Sai bayan nan ake taɓa wayar birkin hannu. Wanda ya fara da ɗaure waya ya ɓoye ciwon ne kawai.

Idan gwajin birkin hannu bai canza komai ba, to mu koma gaba. Ɗaga ƙafar gaba da jak, kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Idan tana wasa, boris ya saki. Faifan birki yana rangaji yana tura fistin baya yayin tafiya, sai ka taka sau ɗaya ka dawo da shi, ta biyu ta kama. Alamarsa ita ce a tsaye feda lafiya lau, sai an yi tafiya, musamman bayan kwana ko hanya mai gargada, sannan ta faɗa.

Akwai kuma hanyar da muke raba gardama gaba ɗaya. Ana matse tiyoyin roba duka, biyu na gaba da na baya wanda ke sauka kan aksul, da abin matsewa mai zagayayyen baki. Ba filaya mai haƙora tsirara ba, don za ta raunata tiyo daga ciki. Sai a taka. Idan feda ta tsaya sama kamar dutse, masta ta fita daga zargi. Sai a riƙa sakin tiyo ɗaya bayan ɗaya ana takawa, wanda aka saka feda ta faɗi, can ɓarawon yake. Aikin minti goma ne. Da an yi maka shi tun farko, da ba ka sayi ko ta farkon ba.

Na taɓa karɓar wata akori-kura da ta zaga gareji uku da feda mai taushi. An sa mata kalifa (ƙarfen da ke riƙe da fad yana matse faifai) na gwanjo guda biyu, amma aka ɗaura na dama a hagu, na hagu a dama. Kusoshi sun shiga daidai, komai ya zauna, sai dai ƙusar fitar da iska ta koma ƙasa. Iska kuwa sama take taruwa. Ko galan guda na mai za ka zuba, ba za ta fita ba. Ka tsuguna ka duba naka, ƙusar dole ta kasance a saman kalifa.

Yanzu bari in ce wani abu game da mastocin da ka saya, don ina zargin ta biyun ma wataƙila an kashe ta ne wajen ɗaurawa. Masta ta gwanjo ta yi shekaru fistin ɗinta yana kai da kawowa a ɗan gajeren wuri, can ƙarshen ramin kuwa tsatsa da dauɗa sun taru. Ranar fitar da iska sai a ce wa yaro "taka har ƙasa", roba ta bi ta kan wannan tsatsa ta yage. Sa guntun katako a ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙarshe. Sannan kowace masta, sabuwa ko tsohuwa, ana cika ta da mai a fitar mata da iska tun tana kan benci, kafin ta hau mota. Bayan an ɗaura a tabbata feda tana da ɗan wasa a sama, kamar milimita 3 zuwa 6, kafin ta fara tura fistin. Idan babu wannan wasan, ƙaramin ramin da mai ke komawa kofin man birki zai kasance a rufe, kana tafiya birki yana ƙara kama kansa, kafin ka kai Mararraban Jos ƙafafu suna hayaƙi.

Wajen fitar da iska ana farawa daga ƙafar da layinta ya fi nisa da masta, a ƙare da mafi kusa, kuma kada kofi ya taɓa bushewa a tsakani. Amma a Hilux akwai ƙusa ta biyar da mutane da yawa ba su san da ita ba, kuma ita ce za ta kai mu ga rabin tambayarka na biyu.

Shiga ƙarƙashin bodi ta baya. Za ka ga wani bawul a manne da shasi, da doguwar sanda siririya da ta tafi ta haɗe da aksul. Aikinsa auna lodi. Idan mota ba kaya, bayanta a sama yake, sai bawul ya rage ƙarfin man da ke zuwa baya don kada tayoyin baya su kulle motar ta juya da kai. Idan an yi lodi baya ya zauna, sandar ta motsa, bawul ya buɗe, birkin baya ya karɓi rabonsa na aiki.  Yana da tasa ƙusar fitar da iska, kuma ita ake yi a ƙarshe.

To ga inda muke cutar kanmu. Duk mai ɗaukar hatsi yana zuwa a ƙara masa ganyen sifirin biyu ko uku don kada bodi ya zauna a kan taya. Sifirin ya yi tauri, an ɗora buhu goma sha biyar baya bai sauka yadda ya saba ba, bawul yana nan yana zaton motar fanko ce. Birkin baya yana hutawa, na gaba shi kaɗai yake dakon nauyin duka. Wani kuma sandar ta karye tun tuni an ɗaure ta da waya, ko tsatsa ta kama bawul ɗin a wuri ɗaya. Haɗa wannan da shu ɗin da dama can bai kai kwano da wuri, za ka ga kusan da ƙafa biyu kake tsayar da mota. Idan an ƙara sifirin, dole a sake daidaita inda sandar ta kama aksul. Cire bawul ɗin a haɗa layi kai tsaye, kamar yadda wasu ke yi, yana da daɗi ranar da kake da kaya. Ranar da ka dawo fanko aka yi yayyafi a kan baifas, a nan za ka gane abin da ya sa aka sa shi.

Ɗaukewar birki a gangara iri biyu ce, kuma yana da kyau ka tuna wacce ta same ka. Idan feda tana da tauri amma mota ba ta tsayawa, ga ƙauri, fad ne ya yi zafi fiye da ƙarfinsa. Fad na jabu yana saurin yin haka, fuskarsa ta yi santsi tana ƙyalli. Idan kuwa feda ta zurma har ƙasa, bayan ka huta rabin awa ta dawo kamar ba abin da ya faru, man birki ne ya tafasa. Wannan ta fi haɗari, don tana warkewa da kanta mutum ya ɗauka shi ke nan.

Man birki yana shan danshi daga iska, haka halittarsa take. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230. Idan suka sha ruwa kamar kashi uku da ɗan wani abu cikin ɗari, ma'aunin ya sauko zuwa wajen 140 da 155. Kalifar da ke aikin ƙafa huɗu ita kaɗai tana kai wannan zafin ba da wata wahala ba. Man ya zama tururi, tururi kuma yana matsuwa, sai ƙafarka ta tafi a banza. Garin da ake ruwa daga Afrilu zuwa Oktoba, bai kamata mai ya wuce shekara biyu a mota ba. Kai ka zuba sabo da yawa kwanan nan, amma in ba a taɓa buɗe ƙusar bawul ɗin nan ba, ko wata ƙusar ta cije an tsallake ta, tsohon yana nan a maƙale. A zuƙe na kofi, a tura sabo har sai abin da ke fita a kowace ƙusa ya yi garau. Ka sayi wanda murfinsa ke a like, ka buɗe da hannunka. Na kwalbar da aka buɗe tun bara ya riga ya sha nasa ruwan.

DOT 3 da DOT 4 suna haɗuwa. DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da su. Baƙin mai, man giya ko man sitiyari kuwa, ko cokali ɗaya ya shiga, duk wata roba da ke layin za ta kumbura, sai an canza su kaf. Ruwan sabulu da ake zubawa a daji in mai ya tsiyaye, na san dalilin da ke sa mutum ya yi, amma ruwa a digiri 100 yake tafasa, kuma yana barin tsatsa a kowace silinda. Haka toshe layin ƙafa ɗaya da ƙusa. In larura ta sa an yi don a fito daga inda ba a son kwana, to a lallaɓa a hankali zuwa gari na farko, kada ya zama gyara.

Tunda dizal ce, ka san cewa bustarka, wadda ke amfani da zuƙar iska ta ƙara wa ƙafarka ƙarfi a kan feda, ba daga injin take samun zuƙa kai tsaye kamar ta fetur ba. Akwai ɗan famfo a bayan altaneta, shi ke yi. Bel ya tsinke ko ya saki, bayan taku biyu ko uku feda za ta zama dutse. Gwajinta: injin a kashe, taka har ta yi tauri, riƙe, ka tayar. Ya kamata feda ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka. In ba ta motsa ba, duba tiyon zuƙa da ɗan bawul ɗin da ke kansa kafin ka zargi busta. Kuma idan mai yana raguwa a kofi ba ka ga inda yake zuba ba, kwance masta ka leƙa bayanta, sau da yawa cikin busta yake tafiya.

Sauran kuma hannunka ne. An ƙera motar nan don kaya wajen tan ɗaya, wato buhu goma na kilo 100. Ni da kai mun san nawa ake ɗorawa a Saminaka lokacin kaka. Ba zan ce maka ka dawo goma ba, don na san ba za ka ji ba, amma ka sani duk buhun da ka ƙara zafi ne a kan fad, gudu kuma ya fi lodi muni: ka ninka gudu, zafin da birki zai sha ya ninka huɗu. Giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauko. Ka taka da ƙarfi ka rage gudu ka saki ya sha iska, ya fi ka ɗora ƙafa kana ja tun daga sama har ƙasa. Sakin mota a firi don tsimin mai, balle kashe injin a gangara, wannan kam ka bar shi, don da injin ya mutu famfon zuƙa ma ya mutu.

Da ni ne kai, yau zan yi gwajin birkin hannu, gobe da safe in kai ta a buɗe kwano biyu a gabana. In je kasuwar kayan mota ta Oriakpata ko Panteka da tsofaffin kayan a hannu don a gwada da su, in sayi shu, silindar ƙafa biyu in sun jiƙe, da tiyoyi uku in ba a taɓa canza su ba, don tiyo yana ruɓewa daga ciki alhali wajensa lafiya. Idan bututun ƙarfe ya ci tsatsa a canza shi dungurungum da na birki na ainihi, ba a yi masa walda ko faci. Bayan an haɗa, ka nemi hanya marar cunkoso ka yi ta tsayawa a hankali daga gudun kilomita 50 kamar sau goma don sabon shu ya kwanta, ka sauko ka kai hannu kusa da kowace ƙafa ba tare da ka taɓa ba. Na gaba za su fi zafi, amma na baya ma dole ka ji ɗumi, kuma hagu da dama su zo ɗaya. In ka tarar da baya a sanyaye, koma kan bawul ɗin lodi. Sai ka gwada ta da rabin kaya kafin ka sake kama hanyar Pambeguwa.